Ku Tambaya Mu Amsa: Waye Adriaen Brouwer, mai zanen mutumin da ya sha magani?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. A fitowar da ta wuce mun sa hoton wani tsohon zane a shafin nan, wani mutum ne da baƙar hula ya kurɓi magani ya runtse ido ya wage baki, bamu yi wani bayani ba sai sunan mai zanen kawai da muka rubuta a ƙasa, toh ashe tsokano tsuliyar dodo muka yi, saƙonni sun shigo ta waya sun fi yadda muka zata kuma yawancinsu daga nan cikin Zariya ne. Na zaɓo guda huɗu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ni ɗaliba ce aji biyu ina karantar zane anan Samaru, an bamu asaimen akan masu zanen rayuwar yau da kullum na ƙasar Filandas sai gashi naga sunan ɗaya daga cikinsu a mujallarku, ni wallahi ko inda Filandas ɗin take ban sani ba, kuma abinda ya ɗaure min kai shine meyasa za'a kira mutumin da yake zana ƙauyawa masu wage baki gwani alhali ga masu zana sarakuna da dawakai. A taimaka a min bayani yadda zan gane. Daga wata ɗaliba, Samaru.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata, Allah ya bada sa'ar karatu. Filandas dai yanki ne a arewacin ƙasar Beljiyam ta yau, masu magana da yare ɗaya da mutanen Holan, kuma a zamanin da muke magana tana ƙarƙashin sarkin Sifen ne. Sunan mutumin ana furta shi kamar "Burawa", an haife shi wajen 1605 a wani gari Oudenaarde wanda yayi suna wajen saƙar manyan darduman bango masu hotuna, babansa ma aikinsa kenan, shine yake zana fasalin da masaƙa zasu bi. Kinga kenan a gidan zane ya buɗe ido, kamar ɗan magini a cikin birnin Zariya da yake tashi yana ganin ana murza ƙasa ana fitar da dagi a jikin soro, ba sai an ce masa ga yadda ake yi ba. Uban ya rasu cikin talauci yaron yana ɗan shekara 15 ko 16, daga nan ya shiga duniya, a 1625 an ga sunansa a Amsterdam ta ƙasar Holan yana zaune a masaukin wani mai zane Barend van Someren, a 1626 yana Haarlem, itama a Holan, har ya shiga ƙungiyar masu waƙe da wasan kwaikwayo ta garin, sai wajen 1631 ya dawo gida ya zauna a Antwerp.

Ki riƙe wani abu anan dan zai miki amfani a asaimen ɗinki. A Antwerp ta wancan lokacin ba wai kawai ka sayi buroshi ka buɗe shago bane, dole sai ka shiga ƙungiyar masu sana'ar wadda suke kira da sunan waliyyinsu Luka, ita ke cewa wane ya isa ya ɗauki yara, wane ya isa ya sayar da aiki, kusan irin yadda wanzamai suke da Sarkin Aska, maƙera suke da nasu sarkin, baƙo baya zuwa ya kafa zugazugi sai da saninsa. An rubuta sunan Brouwer a littafin ƙungiyar a shekarar 1631 zuwa 1632 a matsayin cikakken gwani. Kuma garin a lokacin akwai giwaye, Rubens yana nan da katafaren gidansa da yara masu yawa suna zana bangon coci da hotunan sarakunan Turai, zane ɗaya sai ya cika bango guda. Shi kuwa wannan bawan Allah akan 'yan ƙananan allunan katako yake nasa aikin, wannan da kika gani na mai shan magani tsawonsa bai kai rabin mita ba, allon ɗan makarantar allo da ya kusa sauka zai iya fin shi.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Zana sarki akan doki yana da wahalarsa amma sarki zai zauna miki, fuskarsa a shirye take, ya san ana kallonsa. Abinda Brouwer yake farauta shine fuskar da bata san ana kallonta ba kuma bata daɗewa, wadda kafin ki kifta ido ta wuce. Koma ki kalli hoton nan da kyau. Kwalbar tana hannu ɗaya ƙoƙon yana ɗayan, idon ya runtse gam, hancin ya tattare sama, bakin a buɗe amma ba ihu yake ba, numfashi yake nema, irin wanda kake ja dan kada ɗacin ya taɓa bayan harshe. Ni da na fara ganinsa kakata na tuna Allah ya jiƙanta, duk damina in zazzaɓi ya shigo gida sai ta jiƙa sassaƙen maɗaci a kwatanniya ta jera mu a tsakar gida, tana riƙe da ludayi, wanda ya sha sai kiga kafaɗunsa sun ɗaga har kunne ya ɗan yi tsalle a inda yake, na bayansa kuma tun kafin layi yazo kansa ya fara yamutsa tasa fuskar. Wannan ɗagawar kafaɗar tana cikin zanen. Mutumin da ya mutu kusan shekara 400 da suka wuce a ƙasar da bai taɓa jin sunan maɗaci ba, ya ajiye min tsakar gidanmu akan katako, in wannan ba gwaninta bace toh ki faɗa min mecece.

Akwai wasu guda biyu 'yan uwan wannan da suke ajiye tare a birnin Frankfurt na Jamus, ɗaya wanzamin ƙauye ne yana yiwa wani saurayi aiki a gadon baya, ɗayan kuma a ƙafa. A zanen na gadon baya, saurayin ya juyo yana kallonki ya matse fuska ya lanƙwashe, wanzamin ko a jikinsa hankalinsa na kan aikinsa, ga wata tsohuwa a gefe tana leƙe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Tudun Wada yaga ana yiwa mutum ƙaho ya san waɗannan mutum ukun, ya san yadda wanzami yake tsaga yana hira kamar ba fatar mutum yake taɓawa ba, ya san mai baya yana cije leɓe dan kada a ce rago ne, ya kuma san ɗan kallon da ba'a gayyace shi ba. Kafin Brouwer an zana ƙauyawa a Filandas, Pieter Bruegel babba wanda ya rasu 1569 shine uban tafiyar, amma shi taro yake zanawa, biki guda da mutum ɗari kamar kana kallonsu daga kan soro. Brouwer ya sauko daga soron ya shiga cikin ɗakin, ya rage mutanen zuwa uku ko huɗu ya matso har kina jin warin hayaƙin.

Ta ɓangaren aikin hannu kuma tunda ke ɗalibar zane ce, ki lura fentinsa bashi da kauri, yawanci launin ƙasa-ƙasa ne da toka-toka, a wasu wuraren ma kamar wanki ya yiwa katakon, sai kuma ya ɗora ja guda ɗaya a hula ko shuɗi a wando ko ɗan farin haske a bakin tulu, shikenan idonki ya tafi inda yake so. Masu sana'ar sun gane haka tun yana raye. Rubens ɗin nan mai zana sarakuna da ya rasu a 1640 an samu zanen Brouwer guda 17 a cikin kayansa, Rembrandt ma, babban mai zanen Holan, da aka ƙirga dukiyarsa a Amsterdam a 1656 saboda bashi an samu zanukan Brouwer har da littafin zane-zanensa na takarda, van Dyck kuma, wani shahararren mai zanen Antwerp, ya zana fuskarsa a jerin manyan masu fasahar zamanin. Ai maƙeri ne ya san wuƙar da ta ji wuta.

Wani abu da nake so ki ɗauka bayan maki. A nan garin a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irinsu Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, maganarsu itace a koyi dabarar Turawa amma abin zanawa a ɗauko shi daga gida. Yana min ciwo in ga ɗalibanmu suna kwafo fuskokin da suka sauke daga intanet alhali teburin mai shayi yana nan a bakin get, ga mai facin taya, ga 'yan dara ƙarƙashin dalbejiya ana cacar baki akan wa ya ci wa, ga 'yan acaɓa a Kwangila rana ta dake su. Ki ɗauki littafinki ki nemi izini ki zauna gefe.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Jikana ya nuna min sauran zanukan mutumin nan a wayarsa, naga duk mashaya ne da 'yan karta ana fasa wa juna kai, ya kuma karanto min cewa shi kansa ɗan giya ne har gidan yari yaje. Shin ya dace mujalla irin taku ta riƙa tallata irin wannan ga yaranmu? Daga wani dattijo, cikin birni wajen Ƙofar Doka.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, na gode da wannan gyaran kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Jikanka bai yi ƙarya ba, da yawa daga zanukan a gidan giya suke, har sunan nasa ma a yarensu ma'anarsa mai dafa giya. Hukuncin zanen mai rai kuwa wannan fagen malamanmu ne su za'a tambaya. Amma Baba ina roƙon a sake karɓar wayar a duba fuskokin, a ga ko akwai wanda uba zai so ɗansa ya zama. Wani ya kife kai akan ganga yana barci baki sake, wani ya damƙi gashin abokinsa ya ɗaga tulu zai rotsa masa akan 'yar karta, wani ya zaro wuƙa rabi. Mai talla ƙawata kaya yake, wannan kuwa tsiraicin abin ya nuna, yadda fushi da maye suke sauke mutum daga mutuncinsa. Masu sayen zanukan ma ba mashayan bane, attajirai ne da 'yan uwansa masu zane, kuma a al'adarsu ta lokacin irin waɗannan hotuna suna tafiya ne da jan kunne akan haɗama da fushi da lalaci. Taba ma sabuwar abu ce a wurinsu lokacin daga nahiyar Amurka ta shigo, shan lofe kuma ana masa kallon ɗabi'ar 'yan tasha.

Abinda ya bambanta shi a wurina shine bai tsaya daga nesa yana nuna su da yatsa ba. Akwai zanensa na wajen 1636 na masu shan taba, shi da kansa ne a tsakiya ya juyo ya zaro ido tulu a hannu hayaƙi na fita daga bakinsa, kewaye da shi abokansa ne masu zane, ɗaya a cikinsu Jan de Heem ne mai zanen 'ya'yan itace da furanni. Wato ya sa kansa cikin waɗanda ake wa faɗan.

Maganar halinsa kuma a raba ta biyu Baba, akwai abinda takardu suka nuna akwai abinda aka ƙulla daga baya. Bashi gaskiya ne, ya sha fama da masu binsa. Ɗauri ma gaskiya ne, a 1633 an tsare shi a barikin sojojin Sifen da ke Antwerp, masu tarihi wasu sun ce haraji ne wasu sun ce zargin siyasa ne, dan a lokacin ana tsakiyar yaƙin shekara 80 tsakanin Sifen da Holan kuma shi daga ɓangaren abokan gaba ya dawo. Amma yawancin labaran barkwancin da ake yawo da su, wai baya zane sai ya bugu, wai Frans Hals mai zanen Haarlem ya kulle shi a ɗaki yana kwashe kuɗin aikinsa, daga marubutan baya suka yaɗu musamman Arnold Houbraken, wanda aka haifa a 1660, shekara 22 bayan an binne mutumin. Mu ma ai mun san yadda labari yake ƙara kitse in ya bi bakuna. Ni dai hujjata hannunsa ce, wanda hannunsa ke rawa bazai iya ɗora ɗigon haske a ƙwayar idon da bata kai ƙwayar gero ba ya kuma faɗa daidai. Zanukan da masana suka yarda nasa ne wajen 60 ne, a cikin shekaru goma sha kaɗan, kuma a ƙarshen rayuwarsa har daji da tudun rairayi cikin farin wata ya zana, shiru babu hayaniya, kamar ba mutum ɗaya ba.

Bayan ya fito daga ɗaurin, a 1634 ya koma zama gidan Paulus Pontius mai sassaƙa zane akan tagulla dan bugawa, ya shiga ƙungiyar masu waƙe ta Antwerp, a 1635 ya ɗauki yaro ɗaya mai koyo. A watan Janairu 1638 ya rasu yana ɗan shekara 32 ko makamancin haka, aka sa shi a kabarin gama-gari na marasa gata, sai da 'yan uwansa masu zane suka tashi suka sa aka sake binne shi a cocin Karmel ranar 1 ga Fabrairu da girmamawa. Wannan wurin yana taɓa ni duk sanda na karanta, yaro ne fa Baba, sa'an 'ya'yanmu. Kuma da gangan na zaɓi hoton mai shan magani ban sa na mashayan ba, saboda na san gidajen da mujallar nan take shiga.

TAMBAYA: Malam ni a gidan burodi nake aiki a Sabon Gari, iyakata sakandare, amma ina zane da biro a bayan kwali in mun gama gashi, abokaina suna min dariya wai aikin banza. Wanda bai je jami'a ba zai iya? Kuma ana cin abinci da sana'ar nan kuwa? Daga wani matashi, Sabon Gari.

AMSA: Ƙanena saƙonka ya faranta min rai dan akwai ɗan sana'arku a cikin labarin nan. A barikin da aka tsare Brouwer akwai mai gasa wa sojoji burodi sunansa Joos van Craesbeeck, suka shaƙu, kuma daga wannan abotar mai burodi ya zama mai zane, a 1633 zuwa 1634 aka rubuta shi a littafin ƙungiya da sana'a biyu, mai burodi kuma mai zane, daga baya ya koma Brussels, yau zanukansa suna rataye a manyan gidajen tarihin Turai. Ka lura bai saki tanda ba sai da hannunsa ya faɗa, kai ma kar ka saki.

Cin abinci kuma gaskiya ɗaya ce, wani yaci wani bai ci ba. David Teniers ƙarami wanda aka haifa a 1610 ya ɗauki salon Brouwer ya wanke shi, ƙauyawansa masu tsabta ne suna rawa a filin biki, ya auri Anna jikar Bruegel a 1637, wajen 1651 ya zama mai zanen fadar gwamna Leopold Wilhelm a Brussels, ya sayi gidan gona, shine ya tsaya aka kafa makarantar zane ta Antwerp a 1663, ya kai shekara 79. Brouwer da aka kwaikwaya shi kuma ka ji yadda ya ƙare. Teniers gwani ne ba musu, ya kuma iya zama da manya da riƙon kuɗi wanda wannan ma ilimi ne da zan so ka koya, amma in aka jera min su biyu wurin Brouwer idona yake tsayawa.

Ka daina yar da kwalayen, ka rubuta kwanan wata a kowanne ka tara su a buhu inda ruwa bazai taɓa ba. Ka zana mai kwaɓin ku da asuba lokacin da barci ke fizgarsa, ka zana fuskar wanda ya janyo faranti daga tanda zafin ya ratsa tsumman ya kai yatsunsa, wannan fuskar kai kake ganinta kullum ɗan jami'a sai ya nemi izini kafin ya ganta sau ɗaya. In sun kai ashirin ka kai wa masu rubutun allon talla da masu fentin bayan manyan motoci su duba maka, a wurinsu zaka koyi haɗa fenti kuma wani lokacin har ɗan aiki zasu baka.

TAMBAYA: A ina mutum zai ga sauran zanukan? Daga wata malamar firamare, Wusasa.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari. Mafi yawansu a wuri ɗaya suna gidan tarihin Alte Pinakothek a Munich, na wanzamai da mai shan magani suna Städel a Frankfurt, na masu shan taba yana Metropolitan a New York, garinsu Oudenaarde ma sun tattaro da yawa sun yi baje koli a 2018. Duk waɗannan gidajen sun sa hotunan a shafukansu na intanet kyauta, ki rubuta sunan daidai yadda yake a saman shafin nan. Data kaɗan zai ci, amma in da hali ki buɗe a kwamfuta maimakon waya ki ja hoton ya girma sosai, ki fara da hannun da ya riƙe kwalbar, zaki ga buroshin sau nawa ya taɓa wurin har ana iya ƙirgawa. In zaki nuna wa yaran ajinki na mai maganin ya isa, kar ki faɗa musu komai tukuna, ki tambaye su me ya sha.